Yadda Ake Sa Yankakken Reshe Ya Yi Saiwa Da Wuri Ba Tare Da Ya Ruɓe Ba

Reshen da aka yanke daga jikin uwarsa yana cikin tsere ne da lokaci. Ganyensa na ci gaba da fitar da ruwa kamar yadda ya saba, amma saiwar da ke ɗebo masa ruwan daga ƙasa an baro ta a baya. Ko dai ya fitar da sabuwar saiwa kafin ruwan jikinsa ya ƙare, ko ya bushe. In kuma ka ji tausayinsa ka tula masa ruwa, gindinsa ya rasa iska ya ruɓe. Aikin gaba ɗaya yana tsakanin waɗannan biyun ne, ƙishirwa a sama, nutsewa a ƙasa, kuma duk matakan da zan zayyana dabarun raba reshe da su ne na tsawon mako ɗaya zuwa wata biyu ko fiye.

Me ya sa mutum zai sha wannan wahala alhali ga iri? Saboda iri ba ya cika alkawari. Ka ɗebi 'ya'yan tumatir ɗin da ya burge ka, musamman irin da aka haɗa aure, ka shuka, sai ka ga kowanne ya fito da halinsa. Reshe kuwa uwarsa ce sak: ɗanɗano ɗaya, launin fure ɗaya, juriya ɗaya. Kuma yakan riga wanda aka shuka da iri yin fure, domin ya gaji shekarun uwarsa. Sai dai gādon bai tsaya kan alheri ba. In uwar na ɗauke da cuta, ɗan ma da ita zai tashi.

Mataki na farko: zaɓen uwa

Nan ne ake cin rabin nasara, kuma nan ne mutane suka fi yin sakaci. Ka juya ganyen uwar ka duba bayansa da kyau. In ka ga ƙananan ƙwari sun yi cincirindo, ko zare-zare kamar na gizo-gizo, ko ganyen ya yi dabbare-dabbaren kore da rawaya yana murɗewa, ka bar wannan shukar. Dabbare-dabbaren nan sau da yawa alamar ƙwayar cutar bairos ce, ba ta da magani, kuma tana bin reshe duk inda aka kai shi.

Ka nemi shukar da ke cikin ganiyar girma, wadda ba ta shiga fure ba. Reshen da ya riga ya ɗauki fure hankalinsa na kan 'ya'ya, abincin da ya tara can yake tura shi, saiwa sai ta zo a makare. In dole ne ka yanka daga mai fure, ka tsinke furen da duk wani ƙullin fure da ke jiki.

Akwai abu biyu da nake yi wa uwa kafin ranar yanka. Kamar mako guda kafin nan nakan daina ba ta takin da ke da sinadarin naitrojin da yawa, irin wanda ke sa ganye ya yi kore shar ya yi laushi. Reshen da ya ƙoshi da naitrojin ruwa ne zalla a cikinsa, saurin yaushi gare shi da saurin ruɓewa. Wanda ya tara sitaci a kararsa shi ke da guzurin da zai ci har saiwa ta fito. Na biyu, ana jajibirin yanka nakan shayar da ita sosai da yamma. Da sanyin safiya ake kama fara: washegari kafin rana ta ɗaga, lokacin da kowane reshe ya cika tam da ruwa, a lokacin ake yanka. Wanda aka yanka da tsakar rana ya fara tseren ne da ƙishirwa.

Mataki na biyu: kayan aiki, da tsaftarsu

Sabuwar reza ko wuƙa mai kaifi sosai. Almakashi mai dakushi murƙushe kara yake yi, ya toshe hanyoyin ruwan da ke ciki, kuma naman da aka murƙushe shi ƙwayoyin ruɓa suka fi so. Ka goge bakin rezar da sifirit ɗin da ake goge fata da shi kafin allura, mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, kuma ka sake gogewa duk lokacin da za ka koma kan wata shukar. Tukwane ko kofunan roba da aka taɓa amfani da su a wanke su da sabulu, a jiƙa su na minti goma cikin ruwan bilic, kashi ɗaya na bilic kashi tara na ruwa, a ɗauraye. Kowane kofi a huda gindinsa. Wanda ke taɓa taba ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa tumatir ko barkono, domin akwai bairos ɗin taba da ke bin hannu ya kama su.

Ka ajiye kofin ruwa mai tsafta kusa da kai, da fensir, da farar leda ko robar ruwa da aka yanke gindinta.

Mataki na uku: shimfiɗar da reshe zai zauna

Kada ka ɗebo ƙasar lambu. Na san ita ce a kusa, amma tana danƙarewa in ta jiƙe, tana hana iska shiga, kuma cike take da ƙwayoyin fumfuna masu cin gindin ƙaramin tsiro. Babbar shuka mai saiwa tana iya zama da su lafiya, reshe mai buɗaɗɗen rauni ba zai iya ba.

Abin da ake so shi ne shimfiɗa mai riƙe danshi amma mai shan iska. Yashi mai manyan ƙwayoyi da aka wanke har ruwansa ya fita garau yana yi. Ya fi kyau in aka gauraya shi rabi da rabi da niƙaƙƙen ɓawon kwakwa. In ana samun falait, wato farin dutsen nan marar nauyi da ake gasawa har ya kumbura kamar gugguru, to shi da ɓawon kwakwa rabi da rabi ba na jin akwai abin da ya fi su. Taki kuwa ko kaɗan. Reshen da ba shi da saiwa ba shi da bakin cin taki, gishirin takin ma janye ruwa yake daga raunin.

Ga gwajin da ba ya ƙarya: jiƙa shimfiɗar, ka damƙi cikin hannu ka matse. In ruwa ya zubo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa. In ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, ka buɗe hannu ta tsaya a dunƙule amma da ka taɓa ta sai ta warwatse, ta yi daidai. Cika kofunan tun kafin ka taɓa reza, ka huda rami a kowanne da fensir, zurfin santimita 3 zuwa 4. Komai ya zama yana jiran reshe, kada reshe ya jira komai.

Mataki na huɗu: yankan kansa

Dubi kowane reshe za ka ga gaɓoɓi, wato wuraren da ganye ke fitowa daga kara. A gaɓa ne shuka ta fi tara ƙwayoyin halitta masu iya rikiɗa su zama saiwa, don haka gaɓa ita ce komai a wannan aikin.

Zaɓi reshen gefe mai tsawon santimita 10 zuwa 15, mai gaɓa uku zuwa huɗu. Lanƙwasa shi kaɗan da yatsa. In ya lanƙwashe kamar igiya, ya cika ɗanye. In ya ƙi motsi, ɓawonsa ya yi duhu ya yi tauri, ya tsufa, zai yi saiwa amma a hankali. Wanda ake nema shi ne na tsakiya, mai ɗan taurin da in ka matsa masa zai karye ƙyas. A bishiyoyi da manyan furanni, rassan ƙasa da na kusa da gindi sun fi na can ƙololuwa saurin yin saiwa, domin sun fi riƙe halin ƙuruciya.

Yanke shi kamar rabin santimita ƙasa da gaɓa, a karkace, da shāra ɗaya. Kada ka yi ta gurzawa. Da ya rabu da uwar, tsoma gindin cikin kofin ruwan nan take. Dalili kuwa, hanyoyin ruwan da ke cikin kara a zuƙe suke kullum, in aka yanke su a bar su a fili iska suke zuƙa, kumfar iskar ta tsaya a ciki ta tare hanya. Reshen da ka ga ya langwaɓe cikin awa guda duk da danshi, sau da yawa abin da ya same shi ke nan.

Yanzu sai gyaran ganye. Cire duk ganyen da ke gaɓa ɗaya ko biyu na ƙasa, domin duk ganyen da ya shiga shimfiɗa ruɓewa zai yi ya jawo wa karan. Bar biyu ko uku a sama. In manya ne, yanke rabin kowanne a kwance. Mutane na jin nauyin yin haka, suna ganin kamar ɓarna ce. Amma kowane faɗin ganye ƙofa ce da ruwa ke fita, kuma a yanzu ba mai mayar da shi. Kada dai ka tsige su duka: ganye da tohon sama su ke ƙera abinci, su ke kuma ƙera sinadarin da ke ba da umarnin fitar da saiwa.

Abu ɗaya da ba a kuskurewa: reshe ya san samansa da ƙasansa. In ka yanka dogon reshe gunduwa-gunduwa, ka lura da wane ɓangare ne ke fuskantar gindin uwa, shi ne zai shiga ƙasa. Wanda aka soka a kife ba ya tashi yadda ya kamata. Dabarar ita ce ka yi yankan ƙasa a karkace, na sama a miƙe, ba za ka rikice ba.

Ga masu itace kamar furen wardi, nakan ɗan kankare ɓawon gefe ɗaya na gindin, tsawon santimita biyu, har koren da ke ƙarƙashi ya bayyana. Saiwa takan yi layi a gefen wannan raunin. Masu laushi irin su na'ana'a da tumatir ba sa bukatar haka.

Mataki na biyar: garin saiwa

Sinadarin da na ambata sunansa oksin. Tohon shuka ne ke ƙera shi, ya riƙa gangarowa ƙasa ta cikin kara. In aka yanke reshe, oksin ya gangaro ya tarar ba hanya, sai ya taru a bakin raunin, taruwar nan ce ke sa ƙwayoyin wurin su fara zama saiwa. Wannan ne ma dalilin da reshe ke sanin ƙasansa. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Holan, Frits Went, shi ya fara ware wannan sinadari daga kan tsiron hatsi a gwajinsa na 1926. A 1935 kuma masana biyu a cibiyar Boyce Thompson da ke Amurka, Zimmerman da Wilcoxon, suka nuna cewa wasu sinadaran da aka haɗa a ɗakin gwaji suna sa kara ya fitar da saiwa. Biyu daga cikinsu, IBA da NAA, su ne har yau a cikin garin saiwar da ake sayarwa.

Duba jikin kwalin ka ga ƙarfinsa. Kashi 0.1 cikin ɗari na IBA na rassa masu laushi ne, kashi 0.3 na masu matsakaicin tauri, kashi 0.8 na itace mai wuyar sha'ani. A nan yawa ba ya ƙara albarka. Mai ƙarfi a kan reshe mai laushi ƙona gindin yake yi ya baƙanta shi.

Zuba ɗan kaɗan a murfi, kada ka tsoma reshe cikin kwalbar, in ba haka ba reshe ɗaya mai cuta zai gurɓata maka duka. Tsoma santimita biyu na gindin, ka ƙwanƙwasa shi a hankali rarar ta zube. Abin da ya rage a murfin a zubar. Ka wanke hannu bayan ka gama.

In ba ka da garin fa? Na'ana'a, tumatir, dankalin hausa da ire-irensu ba ruwansu da shi, nasu oksin ya ishe su. Zuma da ake yawan ambata ba ta ɗauke da umarnin saiwa, iyakarta ta ɗan kare raunin daga ƙwayoyin cuta. Ban hana ba, amma kada ka sa ran za ta yi wa reshen lemo abin da IBA zai yi masa.

Mataki na shida: sokawa

Sa reshen cikin ramin da ka huda da fensir, yadda aƙalla gaɓa ɗaya, in da hali biyu, za su shige. An huda ramin ne don kada shimfiɗa ta goge garin yayin shiga. Danna gefe da gefe da yatsu biyu har ya tsaya da kansa. In gindin na lilo cikin rami, iska ce ke kewaye da shi, zai bushe. Rubuta suna da kwanan wata a jikin kofin. Kuma ka yanka fiye da bukatarka: in biyar kake so, soka takwas.

Mataki na bakwai: danshi, haske da ɗumi

A nan nake so mu daɗe, domin nan ne rassa ke mutuwa.

Kifa robar ruwan da ka yanke gindinta a kan kofin, ko ka rufa farar leda bisa 'yan sanduna yadda ba za ta taɓa ganye ba. Abin da ake nema iskar ciki ta cika da danshi, kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari. In iska ta ƙoshi da ruwa ba ta ƙwace na ganye. Ba sai ka sayi ma'auni ba: in ka ga raɓa siririya ta lulluɓe cikin robar kamar hazo, lafiya. In ta bushe ƙayau, fesa ruwa kaɗan a jikin robar. In kuwa manyan ɗigo na gangarowa suna ɗiga kan ganye, ya wuce kima, buɗe murfin.

Kowace rana ka ɗaga rufin na minti biyar zuwa goma iska ta sauya. Iskar da ta kwana ta wuni ba motsi ita ke kawo furfurar fumfuna a kan ganye. Duk ganyen da ya faɗi ciki a ɗauke shi a ranar.

Haske ana so, rana ba a so. Wuri mai haske sosai amma wanda hasken rana ba ya dukansa kai tsaye, kamar gefen taga ko ƙarƙashin inuwa mai ratsi. Na taɓa barin tire guda na rassan wardi a inda nake ganin inuwa ce, ashe da la'asar rana na leƙowa ta gefe na kamar awa ɗaya. Da na ɗaga ledar, tururi ne ya bugi fuskata, ganyayen sun yi laushi sun yi duhu kamar an zuba musu tafasasshen ruwa, kwana tara na kulawa ya tafi a yini ɗaya. Tun daga nan, kafin in ajiye tire a wuri, sai na lura da wurin safe, rana da yamma. Mai amfani da fitila ya sa farar fitila marar zafi, nesa da ganye kamar santimita 30, awa 16 a rana.

Ɗumi kuma gindi ne ke bukatarsa. Digiri 22 zuwa 25 a ma'aunin Salsiyos a cikin shimfiɗa shi ne inda saiwa ta fi sauri. Ƙasa da 18 komai na tafiyar hawainiya, reshe ya zauna makonni bai mutu ba bai yi rai ba. Sama da 30 ƙwayoyin ruɓa sun fi saiwa gudu. Mafi kyau gindi ya fi sama ɗumi kaɗan, domin saiwa ta riga toho fitowa. Lokacin sanyi kada ka ajiye kofuna a kan siminti, ɗora su kan katako. Lokacin zafi nemi wuri mafi sanyi a inuwa, ka ƙara yawan buɗe rufin.

Ban ruwa kuwa, ɗaga kofin ka ji nauyinsa a ranar farko, ka riƙe wannan nauyin a ranka. Sai ya yi sauƙi a hannu sannan za ka ƙara, kuma kaɗan. A ƙarƙashin rufi, mako guda na iya wucewa ba a bukaci ko ɗigo ba. Cikin rassan da na ga sun mutu a hannun masu koyo, waɗanda ruwa ya kashe sun fi waɗanda ƙishirwa ta kashe yawa nesa ba kusa ba, kuma kullum da kyakkyawar niyya aka yi.

Mataki na takwas: jira, da karanta alamu

Kwana biyun farko reshe na iya sunkuyar da kai. Ba komai, in danshi ya yi daidai zai miƙe. Wajen kwana biyar zuwa bakwai gindin yakan kumbura ya yi wani farin ƙulli mai gurje-gurje, raunin ne ke warkewa, saiwa na biye. Ba za ka gani ba tunda yana cikin shimfiɗa, kuma ina roƙonka kada ka tumɓuke don ka gani. Sabuwar saiwa ta fi gashi rauni, ciro ɗaya na iya mayar da kai baya mako guda. In kana son kallo, yi amfani da kofi mai garau ka sa shi cikin wani mai duhu, sai ka riƙa zaro shi kana duba gefe.

Na'ana'a da tumatir sukan yi saiwa cikin kwana 7 zuwa 14. Furen wardi mako huɗu zuwa takwas. Lemo da sauran masu itace sukan kai wata biyu ko fiye. Bayan lokacin ya yi, ja reshen a hankali da yatsu biyu. In ka ji ya riƙe, an samu.

Ganyen ƙasa ya ɗan yi rawaya alhali na sama na tsaye, wannan albishir ne sau da yawa: reshe na kwashe abincin tsohon ganye yana gina saiwa. Gindi ya yi baƙi ya yi laushi yana wari, wannan ruɓa ce, cire shi da kofinsa kafin ya shafi maƙwabta, ka rage ruwa ga sauran. Sabon toho da ya fito da wuri kada ya ruɗe ka, musamman a wardi, wani lokaci guzurin kara ne kawai yake ci, ƙasa ba komai.

Masu sa reshe cikin kwalbar ruwa zalla, hanyar na aiki ga masu laushi, kuma tana da daɗin kallo. A sauya ruwan duk bayan kwana biyu, kada ganye ya taɓa shi. Illarta ita ce saiwar ruwa tana da gautsi, ba ta saba da ƙasa ba, don haka a dasa tun tana santimita 2 zuwa 3, kada a bari ta cika kwalba.

Mataki na tara: yaye da dashe

Reshen da ya yi makonni cikin danshi bai iya rufe ƙofofin ganyensa da sauri ba. In ka yaye rufin gaba ɗaya rana ɗaya, zai yi yaushi a gabanka ko da yana da saiwa. Yi masa yaye a hankali: ranar farko cire murfin robar ko ka huda ledar, ta biyu buɗe na awa ɗaya, ta uku awa uku, haka har kwana biyar zuwa bakwai ya wuni a buɗe bai sunkuya ba. In ya sunkuya, mayar da rufin ka koma matakin jiya.

Idan saiwa ta kai santimita 3 zuwa 5 ta fara rassa, lokacin dashe ya yi. Yi shi da yamma. Kifa kofin a tafin hannu, reshen na tsakanin yatsunka, ka fitar da shi da shimfiɗarsa gaba ɗaya, kada ka kakkaɓe. Sa shi a tukunyar da ta ɗara kofin kaɗan, domin babbar tukunya na riƙe ruwan da ƙaramar saiwa ba za ta iya shanyewa ba. Shayar da shi sau ɗaya sosai, ka bar shi a inuwa kwana uku, sannan ka fara ba shi ranar safe awa ɗaya, kana ƙarawa kullum. Taki sai bayan mako guda, kuma rubu'in abin da aka rubuta a jikin buhu. Ranar da ka ga sabon ganye ya buɗe ya kai girman na uwarsa, tsinke kan tohon da farce domin ya yi rassa biyu, ka ƙara takin zuwa rabi.